Falwayar Bakin Tasha

Daga ƙofar shagonsa tela yake kallon ma'aikaciyar motar asibiti: gajeriya ce mai furfura, dunduniyar takalminta ta cinye. Wani dattijo ne ya rungume falwaya tun safe, hannuwansa duk jini, wai in ya saki za ta faɗo wa 'yan makaranta. Matasa sun kawo igiya za su ɗaure shi. Ita ko kallonsu ba ta yi.

"Sannu da aiki, Baba. Ka gaji, bari wani ya karɓe ka."

Tela yana ayyana lallai tana da mai irin wannan ciwon a gida, sai ta yafito shi.

"Malam, riƙe nan da kyau."

Dattijon ya gyara masa hannu, sannan ya shiga mota. Yana ta leƙe ta taga, don haka tela bai saki ba sai da suka sha kwana.