Motar da Muka Sayar Kafin Kasafin Kuɗi

Maigidana injiniyan lantarki ne, kuma tun muna Kano yake mafarkin motar da ba ta shan mai. Ni kuwa abin da na sani kawai shi ne, idan an murza makulli mota ta tashi. A shekara ta biyu da ɓullar korona muna zaune a Danau Kota, wata unguwa a ƙasar Malayawa, a wani dogon bene hawa na goma sha huɗu. Shi yana koyar da ɗalibansa ta kwamfuta daga falo, ni ina fama da cikin fari.

Muna da wata tsohuwar mota ruwan toka da ba ranar da ba na zaginta. Ƙofarta ta gaba sai an ɗaga ta sama kafin ta rufu, idan ta hau titi kuma ta dinga ƙara kamar injin markaɗe. Wata rana maigida ya je wurin dillalai ya ga wata 'yar motar lantarki, ya dawo bakinsa har kunne. Sai ya yi abin da muka saba a gida: a sayar da tsohuwa, a yi ciko a sayi sabuwa. Wanda ya saye ta wani dattijo ne ɗan Gombe mai karatun digiri na uku, yana zaune a unguwar Sri Petaling. Kowa Malam yake ce masa. Iyalinsa suna Najeriya, annoba ta hana shi zuwa, ta hana su zuwa.

Kwana uku da sayarwa sai ga raɗe-raɗi, wai gwamnati za ta cire harajin shigo da motocin lantarki a kasafin kuɗin da za a karanta nan da wata biyu. Ba wanda ya tabbatar. Idan maigida ya saya yanzu aka cire, ya tafka asara. Idan ya jira ba a cire ba, rangwamen da ake yi wa masu sayen mota saboda annoba yana iya ƙarewa, farashi ya haura. Gaba kura, baya siyaki. Ya kwana biyu yana juya maganar, daga ƙarshe ya ce jira za mu yi.

“Mai haƙuri shi kan dafa dutse,” in ji shi.

“Cikin nan bai san kasafin kuɗi ba,” na ce masa.

Haka muka koma kiran tasi ta waya. Direba ya karɓa, ya soke. Wanda ya zo kuma, da ya yi tari sai gabana ya faɗi. Ranar da abin ya kai ni bango, na fito daga awo ƙafafuna a kumbure, ruwa yana zuba kamar da bakin ƙwarya, muka yi kusan awa a tsaye. Tsoro ne ya cika ni, amma faɗa ne ya fito. Muna shiga gida na fara, ban ma lura wayarsa ta yi ƙara ya ɗaga ba.

“Idan naƙuda ta zo, jawabin minista zan hau in tafi asibiti?”

Ashe Malam ne a kan layi, ya kira ya tambayi dabarar rufe ƙofar nan. Ya ji komai. Na ji kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Washegari da hantsi ya kira maigida ya ce mu sauko. Muka same shi a bakin ƙofar gini da takunkumi a fuska, motar tana fake a gefensa, an wanke ta fes.

“Dakta, ga makulli. Ta zauna a nan har uwargida ta sauka lafiya.”

“Haba Malam, ai an gama ciniki.”

“Na sani mana. Aro na ba ka, kada ka ɗauka kyauta ce.”

Kafin mu gama godiya ya juya ya nufi tashar jirgin ƙasa, yana ɗan ɗingisa ƙafa saboda ciwon gwiwa. Mako shida ya yi yana bin jirgi zuwa makaranta, bai taɓa kira ya ce yaya motata ba. Sai dai ya ce yaya mai jiki.

Ranar da aka karanta kasafin Juma'a ce, bayan la'asar. Maigida ya tare a gaban talabijin yana kasa kunne ga Malayancin da bai wuce na sayen abinci ba a wurinsa. Tun azahar nake jin marata tana murɗawa, na yi shiru. Can sai ya zabura ya ce, “Sun cire! Wallahi sun cire!” Ni kuwa ina durƙushe na riƙe hannun kujera. Na ce masa, “Madalla. Ɗauko makulli.”

Murzawa ɗaya motar ta tashi. Da hannuna na ɗaga ƙofar nan na rufe, ina ta sa mata albarka har muka isa. Kafin isha'i na haifi 'ya mace.

Motar lantarkin ba ta iso ba sai da yarinya ta fara rarrafe, don masu jira sun yi yawa. Ta zo da sauƙi kamar yadda ya yi hasashe, kuma na faɗa masa ya yi gaskiya. Sau ɗaya na faɗa, ya ishe shi.

Motar Malam kuwa bayan suna muka mayar. Na yi masa dambun nama, na ce sai na bi maigida. Ya fito ya karɓi jaririyar ya yi mata addu'a, ya daɗe yana kallon fuskarta. Na ce, “Malam, ban san bakin da zan gode maka da shi ba.”

“Ba ni za ki gode wa ba,” ya ce. “Bara matata ta haihu a Gombe ina nan. Wani maƙwabci ne ya kai ta asibiti a motarsa. Har yau ban ga ɗan ba.”

Ya gyara wa yarinyar hula, ya ce, “Bari in ƙara riƙe ta kaɗan.”