Ɗan Aladen da Na Kai Bayan Rumbu

Damunar da ta biyo bayan samun 'yancin kai, ranar kasuwar Makarfi, Baba ya karya mini hannu da ƙotar fartanya a kan ɗan alade. Shekarata tara.

Mu Maguzawa ne, gidanmu yana bayan Ikara, kiwon aladu kuwa gadonmu ne. Da can sakinsu muke yi su yi ta tonon ƙasa, har ranar da suka faɗa gonar gyaɗar maƙwabcinmu Malam Idi, aka zare adduna, aka fasa wa yayana kai. Daga nan Baba ya gina musu ɗaki, ya yi masa daɓen siminti sumul, ya rantse duk wanda ya fito da alade sai ya ga jininsa. Ni ce mai kai musu dusa da ruwa.

Babbar aladiyarmu ta haifi takwas a kan simintin nan. Kafin mako uku suka yi fari fat, suna haki kamar an koro su, kullum safiya sai na fitar da gawa. Baba ya ce sammu ne, ya yanka jan zakara, a banza. Akwai wani ƙarami mai tabo a goshi, tausayinsa ya hana ni sakat. Sai na riƙa ɓoye shi cikin zane ina kai shi bayan rumbu ya sha iska, shi kuwa ya yi ta cusa hanci cikin jar ƙasa yana lasa. A can Baba ya ritsa ni. "Ashe ke kike kai wa maƙiya su!" Ƙota ta sauko, na tare da hannu, ƙas! Inna ta faɗa kaina tana ihu, ita ma ta sha nata.

Bakwai suka mutu, nawa ya rayu. Da malamin dabbobi ya zo daga Makarfi, ya buɗe bakin gawar ƙarshe, ya ga dasashi fari, ya ce, "Ƙarancin jini ne. Nonon uwar ba shi da isasshen sinadarin ƙarfe, a ƙasa suke samunsa, kai kuma ka raba su da ita. Wannan mai tabon fa, wa ya ba shi ƙasa?" Baba ya dubi hannuna da ke cikin karan ɗori. Ya ɗauki diga ya yi ta saran daɓen har tafukansa suka fashe.

Yau jikokina allurar sinadarin ƙarfe ɗaya suke yi wa 'yan aladu kwana uku da haihuwa, shi ke nan. Ni kuwa na jira "yi haƙuri" daga bakin Baba har aka binne shi, kuma abin ya ci mini rai. Sai da na tsufa na gane cewa da digar nan ya faɗe ta. Hannun dai har yau ba ya miƙewa.