Maraƙin Allon Kawu

Shekarar da na bar lakol, wato makarantar boko, kawuna ya ba ni wa'adi: in kama sana'a kafin ruwa ya sauka, in ba haka ba in koma gonarmu ta Sabon Maci. Ni kuwa ba abin da na ƙi jini kamar hauya. Hannuna ya iya zane tun ina ƙarami, don haka da na ji wata mata ta zo daga Maradi tana koyar da tsara alluna da takardun talla, ban tsaya shawara ba.

Madam muke ce mata. Na zaci ranar farko za ta zaunar da mu gaban odinatar, wato kwamfuta. Sai ta kora mu kasuwa, wai mu kalli allunan mutane, mu dawo mu faɗa mata da wa kowanne yake magana. Haushi ya cika ni. Zane na zo yi, ba yawon kasuwa ba. Ina kan benci, idona na gabas ko hadari ya fara haɗuwa. Ita kuwa kullum maganarta ɗaya ce: mai zane yana zana abin da ransa ke so, mai tsarawa sai ya fara tambayar wa zai gani, kuma me zai fahimta.

Kawu na da butik na maganin dabbobi a bakin kasuwar shanu ta Dakoro. Masu sayensa makiyaya ne daga wajen Azagor da Bader Goula, da yawansu ba su karanta boko. Ya ce in yi masa allo, shi ne jarrabawata.

Na zana jar saniya mai dogayen ƙaho, har da shaidar wuta a cinya irin wadda na gani a kasuwa. Ta yi kyau, ni kaina na sani. Na ɗauko fenti, Madam ta ce a'a, sai na kai wa makiyaya takardar zanen sun gani tukuna.

Wani dattijo mai rawani ya dube ta, ya ce, "Wagga shaida ta gidan su wane ta. Butikin nasu na?"

Na koma na goge shaidar. Kasuwa ta zagayo, na nuna wa wani Bafulatani. Ya duba cinya, ya duba kunne, inda su suke yanka tasu alamar.

"Babbar saniya haka, ba yanka, ba shaida? Yaro, ina ka sato ta?"

Aka kwashe da dariya. Wani kuma ya ce shi shanunsa gajerun ƙaho gare su, ashe maganin ba nasu ba ne.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Ga saƙo ya zo cewa an gama sharar gona, ni kaɗai ake jira. Na kasa zama, na kasa cin abinci. Na jefa takardar gaban Madam, na ce mata kowace saniya a Dakoro da mai ita, me take so in yi? Ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ce, "Yau ka hwara aikin."

Na fice a fusace, na yi ta zagaya turakun shanu ba tare da na san abin da nake nema ba. Can na yi tuntuɓe da igiya. Wani ɗan maraƙi ne ɗaure kusa da uwarsa, ƙafafunsa na rawa. Ƙaho bai fito ba, kunne lafiya lau, wuta ba ta taɓa cinyarsa ba. Na tsuguna nan cikin kashin shanu na zana shi.

Ranar kasuwa muka kafa allon, gari ya yi luf, hadari ya haɗu baƙi ƙirin. Dattijon nan mai rawani ya tsaya ya ɗaga kai. "Kamar wanda tawa ta haihwa makon jiya," in ji shi, ya shige butik. Jim kaɗan ga Bafulatanin, yana rantsuwa wai nasa na kwaikwaya.

Da la'asar ruwa ya ɓarke, ruwan shuka sosai. Kawu na ta ɗaure buhun iri a bayan babur. Na ɗauka gona za ni, na shiga na ɗauko jakata.

Ya dube ni, ya dubi jakar. "Ina za ka? Aje ta. Mai hatsin can ma na son allo."

Ya tayar da babur ya tafi shi kaɗai. Ni kuwa na tsaya cikin ruwa ƙarƙashin maraƙina, jaka a hannu, ina ta addu'ar kada fentin ya zuba.