Ƙarfen da Na Ɗaura wa Motar A-Hankali

A-Hankali ake ce masa, kuma wanda ya laƙaba masa sunan bai zalunce shi ba. Mijin yayata ne. Shekara ashirin da wani abu yana dakon ƙwai daga gonakin kaji zuwa shagunan cikin gari, a 'yar farar bas ɗinsa ta ɗaukar kaya. In ka zauna kusa da shi a gaba, wallahi sai ka yi barci ka farka ba ku isa ba. Mai keke ma wuce shi yake yi. In na ce masa, "Yaya, ko in sauka in tura ne?" sai ya ce, "Kai da kake cin abinci da ɓarnar masu sauri, dole ka tsane ni."

Ni bakanike ne, ina kuma taɓa walda. Motocin mutane dubu sun bi ta hannuna, amma ban taɓa ganin mai tsare takardu kamarsa ba. Yana da wata koriyar jaka ta roba a ƙarƙashin kujera: lasin, takardun mota, da takardar inshora. Kuma ba ƙaramar inshorar nan ta rufe bakin masu tsare hanya yake yi ba, babbar yake yi, wadda in motarka ta lalace za a biya ka. Saura mako biyu ta ƙare zai je ya sabunta. Ofishin yana saman bene, matakala ashirin da biyu.

Sai ciwon suga ya kama shi. Daga ɗan ƙurji a yatsa, aka yi ta fama har aka yanke ƙafar dama daga ƙasan gwiwa. Ta hagun ma ba ya jin tafinta sosai. Wata biyar motar tana ajiye a ƙofar gida, tayoyi sun sace, shi kuma yana ɗaki yana kallon silin. Yayata ta same ni a gareji tana kuka ta ce, "Ƙanina, mutumin nan ba ciwon ne zai kashe shi ba, zaman ne."

To ni me na iya in ban da ƙarfe? Motar mai canza giya da kanta ce, abin da ake buƙata birki da totur kawai. Na yi mako guda ina aune-aune. Na lanƙwasa wani ƙarfe na ɗaura a gefen sitiyari, na haɗa shi da sanduna biyu zuwa ƙasa: ka tura gaba birki, ka jawo baya wuta. Na naɗe mariƙin da robar taya don kada ya zame. Ba yabon kai ba, aikin ya yi kyau. Ranar da ya zagaya fili da ita ya dawo, sai ya kifa kansa a kan sitiyari ya daɗe bai ɗago ba. Ni ma na juya baya ina goge hannu da tsumma.

A ranar na ce masa, "Yaya, ka je ka gaya wa 'yan inshora an canza birki da totur. Suna tambaya a fom."

Ya ce, "Motar ai tana nan yadda take. Ni aka canza."

Na ce, "Su ba haka za su gani ba."

Ya ce, "In je in ce musu me? Ga gurgu ya zo? Su buga waya a karɓe mini lasin, masu gona su ji, su ba wani dakon? Kai dai ka yi naka aikin, Allah ya saka."

Na sake yi masa maganar sau ɗaya, ya yi kunnen uwar shegu da ni, na ƙyale. Wannan ƙyalewar ita ke cina har yau.

Ku ji irin taurin kan mutumin nan. Duk shekara in lokacin sabuntawa ya yi, sai ya ɗaura ƙafar robarsa, ya sa doguwar riga, ya ajiye motar can nesa da tagar ofishin, ya bar sandarsa a ciki. Ya hau matakala ashirin da biyu ba sanda, yana dafa bango. In ya kai sama sai ya tsaya ya share gumi, ya daidaita numfashi, sannan ya shiga yana murmushi. Wurin da aka tambaya ko an yi wa mota wani canji, ya rubuta a'a. In ya dawo gida dungulmin ya kumbura ya saɓule, yayata ta kwana biyu tana gasa masa. Shekara shida yana haka.

Ranar da abin ya faru ko tafiya ba ya yi. Da hantsi ne, yana tsaye a danja da kiret-kiret na ƙwai cike da mota, tifa ta kwaso da gudu ta daki bayansa, ta haɗa shi da turken fitila, ta yi gaba. Ba wanda ya riƙe lambarta. Allah ya tsare, goshinsa kawai ya fashe. Da na isa wurin, ƙwai na malala har cikin kwata, shi kuma yana zaune a bakin titi rungume da koriyar jakarsa. Ya ce mini, "Kar ka damu, takarduna ba su mutu ba."

Ni kuwa na san abin da ke gefen sitiyarin nan.

Janwe ya kawo motar garejina. Aka ce jibi mai duba ɓarna zai zo daga kamfanin inshora. Na je na same shi a gida na ce, "Yaya, kusoshi huɗu ne. Kafin la'asar na kwance ƙarfen, ba wanda zai sani."

Ya dube ni ya ce, "In ka kwance, su ce wa ke tuƙi? 'Yan sanda sun gan ni, asibiti sun ga ƙafata. Mutum ba ƙafa yana taka birki? Sai su ce ma ni na jawo." Sannan ya ce, "Bar shi. Na gaji."

Gaba kura, baya sayaki. Na bar shi.

Mai dubawar ya zo, mutum mai sanyin magana, har ya ba ni haushi don na rasa abin da zan yi faɗa a kai. Ya leƙa gaba, ya kama ƙarfen ya tura ya jawo, ya ce, "Wa ya yi wannan? Aiki mai kyau." Sai ya ɗauki hotonsa. Na ce, "Malam, a tsaye aka same shi! Me ya haɗa birki da wanda aka daka ta baya?" Ya ce shi nasa rubuta abin da ya gani.

Bayan mako uku wasiƙa ta zo. An canza abin sarrafa mota ba a sanar ba, an kuma rubuta a'a har sau shida. Ba za su biya ba. Motar kuwa ta fi ƙarfin gyara, gindinta ya karye. 'Yan gwangwan, masu sayen tsofaffin ƙarafa, suka yanka ta a gabana. Kafin wata ya ƙare masu gona sun ba wani dakon.

Ya ce in raka shi ofishin ya roƙe su. A wannan karon da sandarsa ya hau, ina biye. Matar da ta saba karɓar fom ɗinsa ta ga sandar, ta ga yadda yake jan ƙafa, ta miƙe tsaye.

"Baba, tun yaushe?"

"Shekara shida, 'yata."

"Kuma kake hawo benen nan?" Ta jawo aljihun tebur ta fito da takarda, shafi ɗaya tak. "Ai muna da fom na wannan. Takardar likita za ka kawo, a duba aikin, shi ke nan. Muna da masu tuƙi da hannu, ba ɗaya ba, ba biyu ba. Ƙasa ma nake sauka in same su a mota."

Ya ce, "Yanzu in na cike fa?"

Ta sunkuyar da kai. Ta ce, "Ka yi haƙuri, Baba."

Ya karɓi takardar duk da haka, ya ninke ta a hankali, ya sa a koriyar jakar tare da sauran. Ni kam na rasa wa zan zaga: shi, ko su, ko ni da na yi magana sau biyu na kama bakina.

Muka fito. Ya tsaya a kan matakala ta farko yana kallon ƙasa. Tun da aka yanke ƙafar nan ban taɓa jin ya nemi wani ya tallafe shi wajen tafiya ba, ko yayata.

Ya ce, "Ƙanina, riƙe ni."