Yaya Umaru, ɗiyarka tana shirin tafiya Japan

A watan nan ne Yaya Umaru ya cika shekara bakwai da rasuwa. Duk shekara idan lokacin ya zagayo, nakan je maƙabarta da safe in yi masa addu'a, in biya ta gidansa da ke unguwar Minanata in gaida iyali, in koma harkokina. Bana ma na je, sai dai na tafi da wata takarda a aljihu wadda ta yi mako biyu tana jiran sa hannuna. Babbar ɗiyarsa Hauwa'u ta samu gurbin ƙaro karatun jinya a Japan, kuma ni ne waliyyinta.

Wana ne uwa ɗaya uba ɗaya, ya girme ni da shekara shida. Gidanmu gidan malamai ne, shi ma ya sauke Alƙur'ani ya yi sakandare, amma da ya tashi zaɓen sana'a sai ya zaɓi gyaran wayar mota. Shagonsa yana kusa da Ƙofar Rini. A nan aka kawo masa wata mota wadda da zarar an tayar da ita sai muryar wata mata ta kama magana cikin Japananci, allon rediyon kuma cike da rubutun da ba wanda ya iya karantawa. Mai motar ya ce a yanke wayar kowa ya huta. Yaya Umaru ya ce ba zai rufe bakin abin da bai san me yake faɗa ba, don ƙila gargaɗi take yi. Ya samu takardar buhun siminti ya kwafe zanen nan ɗaya bayan ɗaya. Daga ranar bai sake rabuwa da harshen ba.

Ba shi da malami, ba shi da abokin karatu. Shi ya bayyana mini cewa rubutunsu iri uku ne. Biyu suna kama da baƙaƙe, kuma bai daɗe ba ya haddace su. Na ukun shi ne kanji, inda kowane zane yake ɗauke da ma'anarsa, kuma sai mutum ya san sama da dubu biyu kafin ya karanta jarida, ga shi zane ɗaya yana iya samun karatu biyu ko uku. Ya riƙa yanka kwalin sukari ƙanana ƙanana, zane a gaba, ma'ana a baya da Hausa. Biyar yake ɗauka kullum bayan sallar asuba. Kafin mako ya zagayo uku sun gudu, ya koma ya kamo su. Na taɓa tambayarsa, "Yaya, mi za ka yi da wagga wahala?" Ya ce, "Ban sani ba tukuna." Na yi dariya, kuma ba sau ɗaya na yi masa irin wannan dariyar ba.

Yana cikin shekara ta takwas da farawa aka kawo wasu baƙi duba noman shinkafa a fadama, cikinsu akwai wani dattijo ɗan Japan. Mutumin yana jin Turanci, ba a rasa tafinta ba. Wani jami'i ne da Yaya ke gyara wa mota ya so ya burge baƙi, ya ce ai mu ma muna da mai jin harshenku a Sakkwato. Yaya ya kwana uku yana shirya gaisuwa. Ya sa farar shaddarsa ta Juma'a, ya ce in raka shi.

Gaisuwar ta fita daidai. Fuskar baƙon ta washe, ya rusuna, sannan ya saki magana da sauri kamar wanda ya gamu da ɗan garinsu a tasha. Ina kallon Yaya. Ko kalma ɗaya bai kama ba. Baƙon ya maimaita a hankali, duk da haka Yaya bai gane ba. Wani daga cikin direbobi ya tuntsire da dariya, jami'in nan ya sunkuyar da kai, ni kuma na ji kamar in nutse. Zufa ta jiƙa wuyan rigar Yaya. Can sai ya ciro biro, ya juya bayan wata takarda ya yi rubutu da Japananci, ya miƙa. Baƙon ya karanta, ya ɗago ya dube shi, ya karɓi biron ya rubuta amsa. Suka zauna a gindin dogon yaro suna miƙa wa juna takarda har aka kira azahar.

Na ɗauka zai dawo da murna. A kan babur, da muka kusa gida, sai ya ce, "Shekara takwas, ashe kurma ni ke." Tun daga nan ya canza hanya. Ya sa aka zuba masa hirarrakin Japananci a waya, yana aiki yana saurare yana maimaitawa da ƙarfi. Yakan tafi shago a ƙasa yana tambayar kansa yana ba kansa amsa, har wata maƙwabciya ta samu Innarmu ta ce a nema masa ruƙiyya tun abin bai yi nisa ba. A gida kuma Hauwa'u ya kama, lokacin tana 'yar shekara goma sha huɗu. Ita ke karanta ɓangaren mai shago, shi mai saye, ko ita likita, shi majinyaci. Shekara biyu suna haka ciwon ƙoda ya kwantar da shi. Ya rasu bai sake haɗuwa da wani ɗan Japan ba, bai kuma san ko kunnen nasa ya buɗe ba.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Wanda ya gaji shagonsa waya kawai yake ɗorawa a kan rubutun, nan take ta juya masa shi zuwa Turanci. Aikin da ya ci wa Yaya shekara goma, yanzu ana yin sa kafin shayi ya huce. Wani lokaci ina jin da ya yi baƙin ciki. Wani lokaci kuma ina jin da shi zai fara sayen irin wayar, ya zauna yana kama ta da kuskure.

Abin da ban sani ba shi ne Hauwa'u ba ta daina ba. Na ɗauka kwalayen suna cikin kayan da aka ɗaure bayan rasuwa. Ashe tana makarantar jinya tana bin su, ta ƙara da darussan waya, ta zauna jarrabawar harshen ta ci, har ta samu wata tsohuwar malamar makaranta a can da suke hira ta bidiyo duk safiyar Asabar. Ranar da ta kawo mini takardar ta durƙusa ta ce, "Bappa, ba ni tahiya sai da yardarka." Mahaifiyarta kuma ta ce duk abin da na yanke shi ke nan.

Tun ranar abinci bai yi mini daɗi ba. Me za ta ci a ƙasar da ba kowane nama ne ya halatta gare ta ba? Ina masallaci, ina wanda zai ce mata sannu idan zazzaɓi ya kama ta? Ina jin labarin girgizar ƙasarsu. Na yi tunanin abin da ba na son faɗa: idan ta Allah ta kasance a can, wa zai yi mata sutura? 'Yan uwa sun kasu biyu, kowane ɓangare kuma da sunan Yaya yake rantsuwa. Masu cewa a bar ta sun ce burinsa ne. Masu cewa a hana sun tuna mini cewa mutumin nan ko ziyarar makaranta zuwa Argungu bai bar ta ta je ba, don tsoron hanya. Duka biyun gaskiya ne. Shi ya buɗe mata ƙofar, kuma ba ni da tabbacin da yana raye zai bar ta ta fita. Ni ma ban yarda da kaina ba. Ina tsoron in amince don kawai in biya dariyar da na yi masa, ina kuma tsoron in hana don kawai in samu barci.

Asabar ɗin da ta wuce na ce ina son ganin tsohuwar nan da idona. Muka zauna a tsakar gida, Hauwa'u ta jingina wayar da kwanon sha. Wata 'yar tsohuwa mai furfura ta bayyana, ta yi ta rusuna mini har na rasa yadda zan yi, ni ma na rusuna. Na jero tambayoyina, Hauwa'u tana fassarawa. Tsohuwar ba ta ɓoye mini komai ba. Ta ce masallaci yana da nisa, sai an shiga jirgin ƙasa. Ta ce sanyi zai ba ta wuya, aikin kuma akwai gajiya, mutanensu ba su da saurin sabo da baƙo. Ni dai fuskar Hauwa'u nake kallo. Maganar tana zuwa da gudu, ita kuma tana tarewa, tana dariya a inda ya kamata, har tana katse tsohuwar.

Sai tsohuwar ta faɗi wani abu. Na ce, "Mi ta ce?" Hauwa'u ta share ido da gefen hijabi ta ce, "Wai tun ran da munka fara magana take son ta tambaye ni. Wai ina da wasu kalmomi na ladabi irin na mutanen da, waɗanda rabonta da jin su tun iyayenta na da rai. Tana tambaya wa ya koya mini." Littafin da Yaya ya yi karatu da shi tsoho ne ƙwarai, a wurin masu sayar da tsofaffin littattafai a bakin titi ya tsinto shi. Ashe Japanancin tsofaffi ya koya, shi ya kuma zuba wa ɗiyarsa.

Na sa hannu ranar da na dawo daga maƙabarta. Ba zan ce hankalina ya kwanta ba, don bai kwanta ba, kuma ba na jin zai kwanta har sai ranar da na gan ta ta dawo ta shigo gidan nan da sallama. Na kafa mata sharuɗɗa, ta karɓa, mu duka mun san ba ni da ikon bin sawunsu daga nan.

Yaya Umaru bai bar gida na biyu ba, bai bar suna a gari ba, shagon ma yanzu sunan wani ke jiki. Abin da ya bari shi ne taurin kan zama da abu mai wuya har sai ya yi laushi, da yarinyar da ta gaji wannan hali ba ragi. Fargabarsa ta uba kuwa ni ya bar wa, kuma ina ɗauke da ita yadda zan iya. Wanda ya karanta wannan ya yi masa addu'ar rahama. Idan da sauran lokaci, ya haɗa da Hauwa'u, don bayan Babbar Sallah za ta tashi.