Ranar da Na Hau Gwaiba

Gwaibar gidanmu a Sabon Birni ni na shuka ta, shekarar da aka kawo ni daga Isa. Ɗan dashe ne mahaifiyata ta sa mini a tsohon kwano cikin kayan aure, na kafa shi a kusurwar tsakar gida, na raine shi da ruwan wanke-wanke. Ban lura ba a lokacin cewa a kusurwar nan katangarmu ta haɗu da ta gidaje uku.

Fiye da shekara goma ba wanda ya sa mata ƙarfe. Ta yi tsawo, ta yi duhu, rassa suka sarƙe, 'ya'yan suka koma can ƙoli inda jemagu kaɗai ke morarsu, mu sai ragowar da suka yar. Wani babban reshe kuma ya kwanta kan soron ɗakin surukata, Inna, duk iskar da ta kaɗa sai ya kankare yaɓen. Da bazara magini ya duba, ya ce ba zai yi sabon yaɓe ba sai an raba soron da icen, in ba haka ba ruwan farko a gadon tsohuwa zai sauka.

Rage rassa ba wuya, in da mai hawa. Amma a wurinmu namiji ba ya hawa bisa a cikin gida sai an aika wa maƙwabta, mata su shige ɗaki har ya sauko. Sau biyu maigidana yana sa rana. Na farko aka haihu a gidan gabas, mai jego na wanka safe da yamma a bayan katangar. Na biyu matar gidan kudu ta ɗora kalwar daddawa, ta aiko cewa ba ta barin tukunya a wuta saboda gwaiba. Shi kuwa mutum ne mai kunya kamar sabon ango, ga kayan fatauci na jiransa zuwa Nijar.

"In na dawo za ni sa a sare ta daga gindi," ya ce yana ɗaure jaka. "Mai sara daga ƙasa ba shi neman izinin kowa."

Gaskiyarsa ce, shi ya sa ta yi mini zafi. Na yi masa a dawo lafiya, amma kafin ya kai tasha na riga na nemo adda.

Washegari da hantsi na gara turmi zuwa gindin gwaibar, na sa tsohon wandonsa, na ɗaure zani tamau a kai. Inna na bakin ƙofarta tana tsince wake.

"Ke, mi za ki yi?"

"Aski za ni yi mata, Inna."

"Macce ba ta hawan icce mai ɗiya. In kin hau ta, ta bar haihuwa ke nan. Haka munka taras."

"In ban hau ba, Inna, gatari za ya hau ta."

Ta kau da kai ta soma, "Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi..." Ba ta ƙarasa ba, don na riga na taka turmi.

Rabona da hawan ice tun ina yarinya. Da kaina ya wuce katanga, gidajen nan uku suka buɗe a gabana lokaci ɗaya, kuma ba wadda ta shige ɗaki. Mai jego ta ɗago ta gan ni, ta yi ta dariya har jaririn ya saki nono. Mai daddawa, wadda ta tashi a gidan masu lambu a Kurawa, ta matso da muciya a hannu tana nuna mini.

"Hwara da busassun. Wancan da ya shiga ciki ma tsame shi. Ki sare ta ƙasa tukuna, kar shi ɓare ɓawon in za shi hwaɗi. Ki bar ukku masu ƙarhi, su buɗe awa tahin hannu."

Haka muka yi, tana faɗa ina sara, ana ta yi mini tsiya daga katanga uku. Na daɗe ban ji daɗi irin na hantsin nan ba. Kafin azahar reshen soro ya sauka, awaki suka samu ganyen ci na kwana biyu.

Da na sauko na waiwaya, sai na ga aikin da na yi. Gwaibata ta koma kamar figaggiyar kaza. Mako uku ba ko ɗigon toho. Da ma Inna faɗa ta yi, da ya fi mini sauƙi. Kullum da safe ta dubi icen, ta dube ni, ta wuce. Maigida ya dawo, ya kalli gwaiba, ya kalli wandonsa a kan igiya da yaga a gwiwa, ya danne dariya ya ce gatari zai jira damina ya ga abin da za ta yi.

Bayan ruwa na biyu toho ya fito ja-ja a jikin kowane reshe, sai farin fure. Kafin a yanke gero 'ya'ya sun cika ta, manya, suna reto daidai kafaɗar mutum. Inna, da haƙoranta ba su fi biyar ba, ita ke zagayawa da safe tana latsa masu laushi tana tsinka da hannunta. Na ce, "Inna, ashe ta haihu." Ta ce albarkar damina ce, ta ci gaba da tauna.

Ban ƙara tayar da maganar ba. Da bazara ta zagayo, wata rana na fito da hantsi na tarar da turmi a gindin gwaiba, adda a kansa, Inna na tsaye tana haki.

"Reshen gabas ɗin can ya yi yawa," ta ce ba tare da ta dube ni ba. "Hau, ni riƙe miki turmin."