Rantsuwar da Kasiyani Ya Manta

Kasiyani Likwelile masaƙin faifai ne da kwando a wani ƙauye da ke kan duwatsun Mahenge, kuma ba shi ya zaɓi sana'ar ba. Dangi ne suka zauna suka zaɓa masa tun yana saurayi, bayan farfaɗiya ta kayar da shi a gonar shinkafa, fuska cikin ruwa. Suka duba noma, akwai ruwa. Suka duba ƙira, akwai wuta. Gini kuma sai da tsani. Saƙa kuwa a zaune ake yin ta, wanda ya faɗi daga zaune kuma bai yi wata doguwar tafiya ba. Aka ba shi 'yar wuƙa da damin gora, aka ce Allah ya ba da sa'a.

A zaman nan ne kuma aka ware masa kwanonsa da kofinsa. Ma'aikaciyar asibiti ta sha zuwa bayan addu'ar Lahadi ta yi bayanin cewa ciwon ba ya bin miyau. Kowa ya gyaɗa kai, aka gode mata, wasu har da ba ta nonon ayaba. Kofin dai ya ci gaba da zama a kan ƙusarsa, shi kaɗai.

Ƙwayoyin asibiti sun rage faɗuwar, ba su hana ta ba. Kuma duk faɗuwa sai ta tafi da wani abu. Yarintarsa tana nan daram: hanyar rafi, muryar uwarsa tana kiran kaji. Hannuwansa ba su taɓa manta saƙa ba. Amma shekarun tsakiya sun zama kamar faifan da ɓera ya kwana a kai. Bai tuna ranar aurensa ba. Matarsa Otiliya ce ke ba shi labari, kuma kowane karo rigarta tana ƙara kyau, shi kuma yana ƙara rawar jiki a gaban fada, limamin cocin. Bai tuna rasuwar uwarsa ba. Sau biyu aka gaya masa, sau biyu ya yi kuka sabo fil.

Sai kuma maganar yayansa Telesfori, manomin shinkafa, wanda kullum da safe yake wucewa ta ƙofar gidan.

"Yaya, an tashi lafiya?" in ji Kasiyani.

Telesfori sai ya ɗaga kai ya dubi bishiyar mangwaro, kamar ita ta yi magana, ya wuce. Shekaru ana haka. Kasiyani ya san suna gaba, yadda mutum kan san an haife shi: gaya masa aka yi.

Bana da aka gama yankan shinkafa, Gwaggo Kresensiya, ƙanwar ubansu, wadda ita ce babbar da ta rage a gidan, ta tara dangi ta ce za a gina kabarin uwarsu da siminti kafin ruwa ya sauko.

"Amma ba da hannun masu gaba ba," in ji ta. "Ranar Asabar ta sama za a kurkure baki. Wanda bai kurkure ba ya tsaya a bakin hanya ya yi kallo tare da awaki."

A ƙauyen haka ake yi. Wanda ya yi wa ɗan'uwansa rantsuwa shi zai maimaita ta da bakinsa a gaban dangi, ya kurɓi ruwa daga ƙoƙo ya furzar a ƙasa, ya sha, ya miƙa wa ɗan'uwan ya sha. Kowa kuma ya tabbatar wa Kasiyani cewa shi ne ya yi rantsuwar. Abin da babu mai gaya masa shi ne abin da ya ce, domin wanda ya maimaita rantsuwar wani ya ɗauki rabonsa daga cikinta.

An binne uwarsa yana wurin, amma ba shi da ko ƙyallin ranar. Wannan ginin ne kawai jana'izar da ta rage masa. Tun daga ranar zama ya gagare shi. Ya fara faifai ya warware, ya tashi ya zagaya gida, ya dawo ya tarar ya bar wuƙa a kan katanga.

"Maman Fausta, kina wurin ai. Me na ce?" ya tambayi Otiliya.

"Ina wurin, da kunnuwana biyu."

"To?"

"To me? 'Ya'ya huɗu gare ni, Baban Fausta. Kai ka zuba abinka, ni zan kwashe da bakina?"

"Ko farkon kawai."

"Farkon shi ne ka miƙe tsaye. Sauran ka nema."

Ya rataya kwanduna ya sauka kasuwa, ba don ciniki ba. Ya zauna a rumfar abokinsa Meinradi mai gyaran keke.

"Meinradi, zagi ne?"

"Kai da zagi? Ko akuya ka kora sai ka ba ta haƙuri."

"Gona ce?"

"Wace gona? Wa ya taɓa ba ka gona?"

"To mace ce?"

Meinradi ya yi dariya har ya saki tayar da ke hannunsa. "Ka ji mutum! Ita ɗayar ma har yau muna mamaki. Ni dai abin da zan ce maka, ka iya magana ranar nan. Har na so in tafa, sai na tuna makoki ake."

Kasiyani ya bi ta gidan mai koyar da addini, ya bi ta gidan tsohuwar da ke dafa giyar ayaba, ya tsayar da mutane a hanya. Kowa ya tausaya masa ƙwarai, kowa ya tuna yana da aiki. Daga ƙarshe ya je ya tsaya a ƙofar Telesfori, wanda ke zaune yana gyara buhu.

"Yaya, don Allah, me na ce maka?"

Telesfori ya juya wajen wata kaza da ke tona a gefensa. "Ke, gaya wa mai tambaya Asabar ba ta yi nisa ba."

A hanyar komawa ce, da rana tsaka, ya ji ƙamshin nan na ƙonanniyar shinkafa da yakan riga faɗuwa zuwa. Ya yi ƙoƙarin zama bai kai ba. Mutane suka yi masa da'ira, mai faɗi kamar yadda aka saba, wani mai kirki ya janye kwandunan don kada miyau ya taɓa su. Da ya farfaɗo, kansa na kan cinyar Otiliya, harshensa na jini.

"Ina za ni?"

"Gida."

"Daga ina?"

Ta gaya masa: kabari, Asabar, ƙoƙo. Ya saurara kamar labarin wani. Daga nan sabon tsoro ya hau kan tsohon, kada ranar ma kanta ta zube masa. Kwana biyun da suka rage, duk wanda ya gifta sai ya tambaye shi yau wace rana.

Asabar da hantsi dangi suka taru a makabarta. Buhunan siminti na jingine, magini na zaune a kan bokiti yana duban gajimare. Gwaggo ta ɗauki ƙoƙo ta cika da ruwa.

"Kasiyani, ɗana, faɗi abin da ka faɗa."

Ya miƙe, tun da an ce da haka ya fara wancan karon.

"Gwaggo, na nema. Na nema a kaina, na nema a kasuwa, har wajen kaza na nema. Babu. Ciwo ya tafi da ita. Ni ban riƙe Yaya da komai ba, ban ma san da me zan riƙe shi ba. Amma Inna tawa ce ni ma, kuma ban ga an binne ta ba."

Dattawa suka shiga gardama ƙasa-ƙasa, domin al'ada ba ta taɓa tanadin mai rantsuwar da ya manta ba. Gwaggo ta bar su suka gaji, sannan ta nuna Telesfori da sandarta.

"Kai aka yi wa. Tana kanka tuntuni, ba za ka ɗauki abin da ka riga ka ɗauka ba. Faɗa masa."

Telesfori ya dubi ƙasa. Babu kaza a kusa.

"Ranar da muka binne Inna," ya ce, "aka kawo giya ana zagayawa da ƙwarya. Da ta zo kansa na riƙe, na ce a je gida a ɗauko kofinsa. A gaban baƙi na faɗa. Sai ya miƙe ya ce kada Allah ya ƙara haɗa bakinsa da nawa a mazubi ɗaya."

Daga baya can muryar Meinradi ta fito: "To, da can an taɓa haɗawa ne?"

Wasu suka yi tari. Kasiyani ya maimaita maganar a hankali, kalma bayan kalma, kamar mai gwada rigar aro. Ya kurɓa ya furzar, ya sha, ya miƙa ƙoƙon da hannu biyu.

Nan ne matar Telesfori ta zaro wani sabon ƙoƙo daga cikin zanenta, wanda bisa ga dukkan alamu tsautsayi ne ya sa ta fito da shi.

"Ƙoƙo biyu?" in ji Gwaggo. "To ku haƙa kabari na biyu mana. Uwa biyu ce ta haife su? Mayar da abinki, 'yar nan."

Telesfori ya karɓa. Ruwan na rawa a ciki. Ya juya ƙoƙon dama, ya juya hagu, yana neman busasshen gefe, dangi duka na kallo. Kasiyani ya ji tausayinsa. Ya matso ya sa yatsa a bakin ƙoƙon.

"Yaya, ta nan na sha. Ka sha ta can."

Telesfori ya dubi yatsan, ya dubi ƙanen nasa, karo na farko cikin shekaru. Ya juya ƙoƙon daidai inda yatsan ya nuna, ya rufe ido, ya shanye tas.

Magini ya tashi daga kan bokiti. Kasiyani ya yi ta jigilar kwaɓi har yamma. Kafin simintin ya bushe ya ɗauko wani faifansa ya danna gefensa a kewayen kabarin, don ado.

Mako guda Telesfori bai je rafi ba, bai zauna kusa da murhu ba, yana jiran ya faɗi. Bai faɗi ba. Daga nan babu wanda ya kai shi bayani a ƙauyen kan cewa ciwon ba ya bin miyau, kuma a cewarsa shi tun da can ya sani.

Damina ta yi nisa lokacin da wata faɗuwar ta zo ta tafi da Asabar ɗin. Wata Lahadi Kasiyani ya bi Otiliya madafa.

"Maman Fausta, me ya sa Yaya ke zuwa yana sauke kofina yana shan shayi da shi? Nasu sun ƙare ne?"

"Zauna in ba ka labari."

Ya zauna ya tashi, ya sake zama. Ta ba shi tun daga farko, kuma a bakinta hannun Telesfori ya riga ya kai rawar da rabin ruwan ya zube. Bai jira ƙarshe ba, ya fita ya nufi makabarta cikin yayyafi. Ya tsuguna ya bi gefen simintin da yatsa. Biyu sama, ɗaya ƙasa, da 'yar karkatar nan da yake yi a kwana. Saƙarsa ce. Ya zagaya kabarin da yatsa har ya dawo inda ya fara, sannan ya zauna.